Sakan Sittin da Biyar

Asabar, 3 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ɗinki, yaya ciwon bayan? Mu nan lafiya, sai jikin ƙanwarmu Auta, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Kin ce in riƙa kiran waya kamar sauran mutane. Na gwada, kin kuma gani. Minti huɗu muka yi ranar Talata, uku daga ciki ina kokawa da kalma ɗaya ke kina ta cewa "ina jin ka". I'inata ba ta bin biro, don haka ki yi haƙuri da takarda. Direban motar Asabar ya yarda ya riƙa kawo miki.

Ga yadda ake ciki, bi da bi, kamar yadda na rubuta a littafina.

Ƙarin da ke cikin kan Auta yana gefen hagu, kusa da inda magana take fitowa. Likitan tiyata ya ce yanzu zai iya ciro shi, amma ba zai yi alkawarin ta farka da bakinta daidai ba. Auta ta ce malamar makaranta in ba baki ai ta tashi daga aiki. Sai aka tsaya a kan a fara gwada ƙwayoyi. Idan suna ci, a bar maganar wuƙa. Idan ba sa ci, a yi aikin da wuri kafin ƙarin ya bazu inda ba a taɓawa. Matsalar ita ce hoton da aka saba ɗauka ba ya nuna ko magani na ci sai bayan wata uku, lokacin da girman ƙarin ya canza. Wata uku kuwa ba kaɗan ba ne.

A nan sashenmu ya shigo. Kin sha tambayata me nake yi shekara tara a ɗakin nan mai sanyi, ina ce miki "aikin inji". Bari in gwada faɗa iya abin da na fahimta, don ni ma a bakin likitoci na tsinta.

Injin hoton nan mai kama da rami, wanda ake tura mutum ciki a kwance, ƙaton maganaɗisu ne. Yana sauraron wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, masu kama da allurar kamfas. Sai sun fuskanci gefe ɗaya yake jin su. To ba su da ladabi: a cikin miliyan, biyu ko uku ne kawai ke rinjaya zuwa gefen da ake so. Kamar a ce ki ji raɗar mutum uku a filin ƙwallo.

Namu injin, wanda ke ɗakin da nake, aikinsa ya jera su. Muna sa ɗigon wani sinadari, ɗan'uwan sukari, wanda jiki ya saba ƙonawa. Injin ya daskarar da shi da sanyin da ƙanƙara ba ta kama ƙafarsa ba, ya yi ta kaɗa masa lantarki awa uku a cikin maganaɗisu, har kusan ɗaya cikin uku su jeru. Muryarsu ta ninku sau dubu ɗari da ɗoriya. Sai a watsa masa ruwan zafi ya narke, a duba tsabtarsa, a zuƙe a sirinji. Daga sakan ɗin da ya narke suke fara watsewa, kamar 'yan ajin Auta in an kaɗa ƙararrawa. Duk sakan arba'in da biyar rabi ya tafi, kuma ba ya dawowa.

Ni ne mai kai sirinjin. Taku talatin da ɗaya ne a baranda daga ƙofarmu zuwa tagar ɗakin hoto. Agogo na rataye a wuyana. In miƙa wa Sista, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, ta tura a jijiya, in faɗi sakan nawa aka yi, ta rubuta. Sittin da biyar nake yi. Dokar sashe ita ce in ya wuce casa'in a zubar, a sake rana.

Ƙari mayunwaci ne. Yana wawure ruwan nan ya mayar da shi tsami nan take, kuma inda ya yi tsamin hoto yana haske. In magani ya kama shi, hasken zai dushe tun a mako na uku.

An karɓi Auta cikin waɗanda ake gwajin a kansu. An ɗauki hoton farko ranar Litinin kafin ta fara ƙwayoyin, ƙarin ya fito yana haske kamar fitila. Na biyu sai 19 ga wata. Likitar sashenmu ta ce tunda ƙanwata ce, abokin aikina Dogo ya kai sirinjin. Ya kai. Saba'in da ɗaya ya yi. Duk tsawon ƙafarsa, yana ɓata lokaci a wajen buɗe ƙofa. Har yanzu abin na raina.

Baba yana gaishe ki. Kunnen ya ƙara nauyi, amma yana cin abinci. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki.


Laraba, 7 ga wata

Agogo,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Bayan yana nan yadda ka san shi, ni da shi sai kabari.

Takardarka ta iso, shafi huɗu gaba da baya, har maigidan ya tambaya ko sammacin kotu ne. Na karanta sau biyu. Abin da na gane shi ne kuna dafa ruwan sukari awa uku, sannan ka kwasa da gudu kada ya huce. Shekara tara ina faɗa wa mutane ƙanina babba ne a asibiti, ashe ɗan aike ne. Wasa nake, kada ka je ka rubuta a littafinka cewa Yaya ta raina ka.

Abu ɗaya na riƙe: haske sharri, duhu alheri. Allah Ya duhunta shi ƙirin.

Maganar Dogo kuwa, ka bar bawan Allah ya sarara. Sakan shida fa. Kai tun kana ɗan shekara bakwai kake tsayar da mu a hanyar makaranta don ka manta takun da ka kai, sai mun koma bakin ƙofa an faro daga ɗaya. Likita ta fi ka sanin abin da ta sa ta ce ka koma gefe.

Sai maganar Baba. Ya sa an kira masa ni jiya, yana ta faɗa, wai kuna fita da Auta kuna dawowa kuna ƙus-ƙus, shi kun mayar da shi kujera. Da gaskiyarsa. 'Yarsa ce, kuma tun rasuwar Inna ita ce hasken idonsa. Ranar hoton nan na biyu ka tafi da shi. Ka zaunar da shi a ɗakin jira, ya ga wurin da idonsa, hankalinsa zai kwanta. Ban ce ka yi shawara da littafinka ba, cewa na yi ka tafi da shi.

Na aiko wa Auta da hula biyu masu laushi da na ɗinka, ko da gashin zai zube. Kada ka ba ta a gaban yaranta.

Ka gaida Baba da ƙarfi, kusa da kunnen dama.

Yayarka.


Asabar, 24 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya baki ɗaya.

An ɗauki hoton ranar Litinin. Sakamako ya fito ranar Laraba. Hasken ya dushe, kusan babu shi. Likita ta ce alama ce maganin yana ci. Ta yi magana da likitan tiyata, an soke ranar da aka ajiye don aiki. Auta za ta ci gaba da ƙwayoyi, sai bayan wata uku a sake dubawa.

Na san Auta ta riga ta kira ki. Mijinta ya fashe da kuka a ofishin Likita, ƙato da shi, har sai da Sista ta kawo masa ruwa. Auta dariya ta yi ta yi. A hanyar gida ta sa ya tsaya a makaranta, ta kwaso littattafan 'yan ajinta ta ce hannunta na ƙaiƙayin jan biro. Ta ce tun da aka gano ciwon ba ta yi barcin kirki ba sai yanzu. Hulunan suna cikin akwatina, ban ba ta ba.

Na tafi da Baba kamar yadda kika ce. Yanzu duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ba shi labarin asibiti, da yadda ya gan ni cikin farar riga, da addu'ar da ya yi. Yana cewa Allah Ya karɓa a nan take.

Ni na kai sirinjin. Na roƙi Likita har ta ce to.

Ba na jin daɗin jikina kwana biyu, shi ya sa takardar ba ta da tsawo. Ki gaida kowa.

Ƙaninki.


Laraba, 11 ga sabon wata

Agogo,

Sallama da gaisuwa. Asabar biyu ke nan direba na zuwa hannu rabbana. Na kira ka sau biyar ba ka ɗauka ba. Baba ya ce kana fita aiki kana dawowa, abinci ne kawai kake juyawa da cokali ka ture.

Ranar da Auta ta ba ni labari na rufe shago, na yi sujada a kan ƙyallayen mutane. Sai ga takardarka kamar ta ta'aziyya. Na ce gajiya ce. Amma jiya ina gyara aljihun keken ɗinki na sake cin karo da ita, na karanta a tsanake, sai na ga abin da ya dame ni. Ka ce kai ka kai sirinjin, ba ka ce sakan nawa ka yi ba. Kai da ka cika mini shafi a kan shidan Dogo. In da ka yi sittin da huɗu, da har maƙwabtana sun ji.

Ga wani abu kuma, ban san ko komai ba ne. Shekaranjiya muna waya da Auta tana so ta ce in aiko mata da almakashi. Ta ce "wannan, wannan, mai baki biyu, na yanka". Ta yi dariya ta ce gajiyar makin jarrabawa ce. Ni ma na yi dariyar. Da na kashe wayar ban sake iya zura zare a allura ba ranar.

Ni na goye ka, na san yadda kake yi in ka fasa abu ka ɓoye gutsattsarin. Me ya faru? Ka rubuto ranar Asabar. In direba ya sake zuwa ba komai, ni zan biyo shi.

Yayarka.


Asabar, 14 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ban san yadda zan faɗa ba, don haka zan kwafo miki daga littafina, ban canza komai ba.

"Litinin, 19. Ruwa ya narke goma da minti goma sha biyu. Na danna agogo. An duba, an zuƙe, na fito da sirinjin a faranti a hannun dama. Taku na goma sha tara Baba ya ɓullo daga ɗakin jira yana neman ban-ɗaki. Ya gan ni. Ya kama wuyan hannuna na hagu. Ya ce, 'Wannan na Auta ne?' Na ɗaga kai. Ya ce, 'To tsaya.' Ya jingina sandarsa a bango, ya ɗora tafinsa a kan murfin farantin, ya rufe ido ya fara addu'a."

Yaya, kin san addu'ar Baba. Yana farawa daga iyayensa.

Na buɗe baki in ce ya sake ni, haƙorana suka kulle a kan "Baba". Ina kallon agogo a ƙirjina yana tafiya. Na gaya wa kaina an goge barandar da ruwa, in na fizge zai faɗi. Gaskiya ne an goge. Amma na yi wa kaina alkawarin ba zan yi miki ƙarya a takardar nan ba: ba wannan kaɗai ba ne. Shekarata arba'in da biyu ban taɓa zare hannuna daga nasa ba, ban taɓa katse shi yana magana ba. Kuma da ya shafa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe kai ma likita ne." Bai taɓa cewa komai a kan aikina ba sai ranar. Na ji daɗi. Ina tsaye ruwan Auta na mutuwa a hannuna, na ji daɗi.

"Na isa taga. Sista tana ciki tana lallashin Auta, wadda ta fara kuka a cikin ramin, don haka ba wanda ya lura na daɗe. Ta karɓa, ta tura, ta ce 'Nawa?' ba ta ɗago ba. Na ce sittin da biyar. Agogo ya nuna ɗari da goma sha takwas."

Ban shirya faɗar haka ba. Sau ɗari huɗu da wani abu na faɗi lambar nan a tagar nan, ita kaɗai ce ke fita daga bakina ba gargada. Ta fita kafin in yi tunani. Amma bayan ta fita ina da lokacin gyarawa, ban gyara ba. Na tuna dokar casa'in, na tuna in an zubar sai Auta ta sake shiga ramin da take tsoro, na danna agogo ya koma sifili.

"Laraba, 21. Likita ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, 'Gaba ɗayansa ya ɗan yi duhu. Sakan nawa aka yi?' Sista ta duba takarda ta ce sittin da biyar. Likita ta ce, 'To ba daga ruwan ba ne.' Ina tsaye a bayanta."

Na yi lissafin sau da yawa a lokacin cin abinci. Fiye da rabin ƙarfin da ya kamata ya shiga jikinta ya riga ya watse a baranda. Hasken tsamin nan da ake nema dama shi ne mara ƙarfi, shi ke fara nutsewa in ruwa ya yi rauni. Wataƙila maganin yana ci da gaske. Wataƙila ba ya ci. Hoton da muka yi murna a kansa bai san komai ba, kuma saboda shi aka soke aikin.

Kullum da safe ina rubuta "yau zan faɗa". Kullum da yamma ina rubuta dalilin da ya hana. Ran nan Likita tana taro. Ran nan Auta ta zo da yaranta suna ta dariya a tsakar gida. Ran nan na tsaya a ƙofar ofis har na ɗaga hannu, sai na tuna za a tambaye ni me ya tsayar da ni, in ce Baba. Akwai kuma ranakun da dalilin aikina ne kawai, tsoron a kore ni. Na rubuta su su ma.

Maganar almakashi na sani. Ranar Lahadi ta kira ƙaramar 'yarta da sunan babbar sau biyu, sannan ta tsaya tana kallonta. Na rubuta.

Ki faɗa mini abin da zan yi. Na san abin da zan yi, amma ki faɗa mini.

Ƙaninki.


Lahadi, 15 ga wata

Salam.

Ban jira Laraba ba. Maƙwabcinmu zai wuce ta wajenku yau, shi zai miƙa maka wannan.

Na karanta a tsaye, sai na ga ina zaune a ƙasa ban san lokacin da na zauna ba. Maigidan yana ta tambaya wa ya rasu.

Abin baranda ban riƙe ka da shi ba. Ni na ce ka tafi da Baba, har na ce kada ka yi shawara. Wannan kasona ne, zan kwana da shi in tashi da shi. Kuma in ni ce ya riƙe, ban san ko zan iya fizgewa ba. Ko lambar da ta kufce maka a taga zan iya haɗiyewa da ƙyar.

Kwana ashirin da shida fa? Kana zaune kana kallon yarinyar nan tana neman sunan 'yarta, ka koma ɗaki ka rubuta. Wa kake rubuta wa? Littafin ne zai buɗe mata kai ya ciro abin? Tun kana yaro ake yabonka wai ba ka mantuwa, ba ka kuskure, mu ne masu garaje. Yau na ga amfanin garaje. Da Dogo ne, da ya yi ihu a barandar nan kowa ya ji.

Gobe Litinin. Kafin ka sa farar rigar nan ka shiga ofishin Likita. In bakin ya ƙi, ka buɗe littafin ka ajiye mata a kan tebur, ai yana da amfani ko sau ɗaya. In sun kore ka, sun kore ka, keke biyu gare ni, zan koya maka ɗinki.

Ban faɗa wa Auta ba. Kai za ka faɗa mata, a gaban mijinta, ba ta takarda ta hannun wani ba. Baba kuwa kada ya ji, ko yanzu ko bayan ranmu. Tsohon nan ba zai ɗauka ba.

Zan zo da zarar an sa ranar wani abu. Ka ci abinci. Ba don na huce ba, don ana bukatarka a tsaye.

Yayarka.


Asabar, 28 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da takardarki. Ban da abin cewa a kanta, duk haka ne.

Na shiga ranar Litinin, bakwai da rabi. Bakin ya ƙi, na ajiye littafin. Likita ta karanta a tsaye, ta koma baya ta sake karantawa. Tambaya ɗaya ta yi: "Akwai wasu?" Na girgiza kai. Ba ta yarda da kaina ba, ta sa aka kwaso takardun duk waɗanda na taɓa kai wa sirinji, ta kwana biyu tana gwada su da littattafaina. Babu wasu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce ita ma da nata, da ta bar ni na kai, da kuma ta bar lissafin sashe guda a bakin mutum ɗaya. Yanzu an kafa agogo a bangon ɗakin hoto wanda ke tashi da kansa in ruwa ya narke. An karɓi nawa. Ina wanke kwalabe a ɗakin baya har kwamiti ya zauna.

Na je gidan Auta da yammar ranar. Tana kan tabarma tana maki. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na karanta da bakina a gaban mijinta, ya ɗauke ni kusan minti ashirin. Ba wanda ya taimake ni da kalma. Da na gama mijin ya miƙe tsaye, na ɗauka duka zai kai mini, sai ya fita waje. Auta ta rufe biron ta ajiye. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta nemi kalmar, ta nema, ba ta samu ba. Sai ta nuna mini ƙofa da hannu.

An sake hoton ranar Litinin 23. Dogo ya kai, sittin da tara. Ban gani da idona ba, Sista ce ta same ni a wajen kwalabe ta faɗa mini. Yana haske fiye da na farko, kuma ya faɗaɗa. Maganin bai taɓa ci ba.

Likitan tiyata ya ce har yanzu zai iya shiga, amma gefen ƙarin ya taɓa wurin magana. A da ya ce cikin mutum biyar ɗaya ne ke farkawa da matsalar baki. Yanzu ya ce rabi da rabi. Mijin Auta ya tambaye shi ko mako biyar ɗin nan ne suka jawo. Ya ce ba zai iya rantsuwa su ne ba, ba zai iya rantsuwa ba su ba ne. An sa aikin ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe takwas na safe.

Baba mun ce masa ciwon ne ya dawo. Ya ce to sai a ƙara addu'a, in shirya in kai shi wurin nan na rannan, inda aka karɓa. Na ce masa an hana 'yan rakiya shiga yanzu. Ya ce ai ni likita ne, in yi musu magana.

Na aika wa Auta takarda uku ta hannun mijinta. Yana karɓa kawai. Hulunan na ba shi jiya.

Ki taho ranar Laraba in Allah Ya yarda, za a kwantar da ita da azahar. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki.


Talata, 1 ga wata

Yaya ƙarami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Baba. Ka yi haƙuri da rubutun, tun safe nake yinsa, kalmomi suna guduna.

Takardunka sun zo. Na karanta ɗaya. Sauran biyun suna ƙarƙashin filo.

Ranar Alhamis kada ka zo asibiti. Ka zauna da Baba a gida, kada a bar shi shi kaɗai. Yaya za ta kira ka in an fito. Yara suna wajen ƙanwar babansu. Na ɗaukar musu muryata a waya, har da karatun da nake yi musu. In wayar ta lalace ka sa a kwafe, kai ne ba ka yar da abu.

Makonnin nan da aka ce na warke na yi barci, na yi maki, na kai yara wajen lilo. Ban san ko in gode maka a kansu ko in tsine musu ba. Ina tunani a kai.

Kada ka sake rubuto mini neman gafara. Ban ce a'a ba. Ban kai can ba tukuna, kuma ba na so in yi ta a takarda don ina tsoron Alhamis. Magana ce ta baki, ni da kai, a zaune.

In na farka da bakina, za mu yi ta.

Ƙanwarka,
Auta.